Hoto ɗaya kowace rana a Kano: ta ina zan fara, kuma yaya zan yi da ranar hawa?

Wani matashi ne ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana so ya riƙa ɗaukar hoto ɗaya kullum a cikin Kano har shekara ta zagayo. Sau biyu yana farawa, duk a mako na uku yake yankewa. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne wuraren wasa da shagulgulan Sallah, amma da ya je kallon hawa ya dawo ya duba wayarsa, ba komai a ciki sai ƙura da ƙeyar mutane. Ya rufe da cewa: shin sai ya tara kuɗi ya sayi babbar kyamara tukuna?

Ƙanena, kada ka sayi komai yanzu. Na daɗe ina wannan sana'a, na riƙe kyamarori manya da ƙanana, kuma ina gaya maka wayar da ke aljihunka ta ishe ka shekarar farko. Abu ɗaya nake roƙonka: kafin kowane ɗauka ka goge idon kyamarar da gefen rigarka mai laushi. Yawancin hotunan waya da ke fitowa dishi-dishi, maiƙon yatsa ne da ƙurar aljihu suka jawo, wayar lafiyarta ƙalau.

Yankewar da kake yi a mako na uku ita ce ainihin maganar, kuma na san daga ina take. A makon farko ka hau Dala ka ɗauko gari daga sama. Ka je marinar Ƙofar Mata, ka je Gidan Makama, ka leƙa Kurmi. Kafin kwana ashirin wuraren da kowa ya sani sun ƙare, sai ka tashi ran nan ka ga kamar babu abin ɗauka. Kana neman abin mamaki ne kullum, shi kuwa gari ba kullum yake yin abin mamaki ba. Yawancin ranakunsa na mai shayi ne da mai faci da 'yan makaranta da cunkoson adaidaita sahu. To waɗannan ranakun su ne aikinka.

Bari in ba ka misali. Kafin watan Janairun 2013 babu abin da ya kai ɗan acaɓa yawa a titunan Kano. Duk mahaɗar da ka tsaya, ga su nan kamar fara, hayaƙi ya turnuƙe. Ba wanda ya ɗauke su abin ɗauka a hoto, don me za ka ɓata lokaci a kan abin da kake gani sau dubu a wuni? Da aka hana ɗaukar fasinja a babur, cikin kwanaki kaɗan fuskar garin ta sauya. Yau ka nemi hoto mai kyau na tashar 'yan acaɓa a Kano ka ga wahalar da za ka sha. Haka dalar gyaɗa: yaran yanzu a hoto kawai suka san ta. Haka tsohuwar Ƙofar Na'isa ta ƙasa da aka rushe a 2010 wajen faɗaɗa titi. Wanda ya tsaya ya ɗauke ta ranar wata Talata da babu komai, shi ne yau yake da abin nuna wa jikokinsa. Akwai wani mai ɗaukar hoto ɗan Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda tun daga 1968 ya duƙufa a kan kitson mata kawai, har ya tara hotuna kusan dubu. Kitson da mutane ke gani kullum ba sa waiwaya, shi ya kai sunansa manyan gidajen adana zane na duniya.

Saboda haka ka rage gonarka. Ka zaɓi hanyar da dama kake bi kullum, daga gida zuwa makaranta ko shago, ka ce nan ce filina. A kan hanyar ka ware wurare uku ko huɗu da za ka riƙa komawa: wata bishiyar darbejiya da ake zama a ƙarƙashinta, teburin mai shayi, bakin wata rijiyar burtsatse. Ranar da babu kuzari, ka ɗauki ɗaya daga cikinsu ka wuce. Ba kowane hoto ne zai yi kyau ba, kuma ba a buƙatar haka. A cikin 365 in ka samu talatin da za ka iya tsayawa a kansu, shekara ta yi albarka. In rana ta kuɓuce maka, kada ka koma farko, kada kuma ka ɗauko hoton jiya ka ce na yau ne. Ka bar gurbinta fanko ka ci gaba.

Sai maganar haske, wadda ita ce rabin sana'ar. Ranar Kano da tsakar rana ba ta da tausayi. Tana saukowa ne daga tsakiyar ka, hula ta jefa inuwa a ido, farar riga ta ƙone ta zama fari fat babu zane babu aiki. Lokacinka biyu ne: daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe takwas da rabi, sai kuma daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. A waɗannan lokutan hasken yana zuwa ta gefe, yana fito da jan ƙasar katanga da gumin goshi. In dole ne ka ɗauka da azahar, ka shiga inuwa. Lungunan Kurmi da rumfunan Kwari sun fi kyau a lokacin, inda rana ke ɗigowa ta ɓular kwano ta faɗa kan atamfa ko tarin fata. Hunturu kuma wata kyauta ce da mutane ke raina wa. Hazo yana tace rana, za ka iya kallonta kamar faifai, mutane sun ƙudundune a bakin wuta da asuba. Damina ma haka, minti goma bayan an ɗauke ruwa, kwalta tana sheƙi, sama ta wanke. Idan ka ɗauki bishiyar nan taka a hunturu da bazara da damina da kaka, ka jera su huɗu, za ka fahimci abin da nake nufi ba sai na yi bayani ba.

A wayarka akwai wata dabara da ba kowa ke amfani da ita ba. Ka danna kan fuskar mutum ka riƙe har ta kulle, sannan ka ja alamar rana da ta bayyana a allon sama ko ƙasa don ƙara ko rage haske. Kyamara ba ta san fatarmu ba. In ta ga farin yadi ya cika wuri sai ta rage haske, fuskar mai rigar ta dulmiye cikin duhu. Kai za ka gaya mata cewa fuskar kake so. Kuma ka daina jawo hoto da yatsu biyu. A yawancin wayoyi wannan yanka hoton kawai yake yi yana buɗa shi, shi ya sa yake farfashewa. Ƙafarka ce za ta kai ka kusa.

Kusantar kuwa ba ta samuwa sai da mutane sun yarda da kai, kuma nan ne na fi so ka tsaya. A garin nan ba a ɗaga wa mutum waya ba sallama. Na taɓa yin wannan kuskuren ina sabon shiga. Na hango wani dattijo yana gyaran rediyo a bakin kasuwa, haske ya faɗo masa daidai, na ɗauka ban ce komai ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaro, ni kayan kallo ne?" Har yau in na tuna sai na ji nauyi. Na goge hoton a gabansa, na ba shi haƙuri. Bayan kwana biyu na koma na gaishe shi ba kyamara a hannuna, na ci gaba da komawa. Wata guda bayan nan shi da kansa ya ce in ɗauke shi, har ya gyara zaman hularsa. Na wanko hoton na kai masa, ya maƙala shi a jikin allon da yake rataye kayan aiki. Tun daga ranar duk layin suka buɗe mini.

Ka riƙe wannan: wanko hoto ka mayar wa mai shi ya fi duk wani lasisi. Kuɗin wankin bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ce a'a kuma, a'arsa ta zauna, ba sai ya faɗi dalili ba. Akwai masu ƙin hoto saboda fahimtarsu ta addini, akwai masu tsoron ganin kansu a Facebook an yi musu wani rubutu a ƙasa, kuma tsoron nasu yana da tushe. Mace ba ka ɗaukarta sai da yardarta. Yaro sai da sanin babban da ke wurin. Almajirai kuma, don Allah, kada ka shiga sahun masu neman yaro mafi yagaggiyar riga don a tausaya a danna musu alamar so. In za ka ɗauke su ka je tsangayar, ka gaida malam, ka nemi izini, ka ɗauke su da allunansu a bakin wutar karatu. Shingen jami'an tsaro, bariki, ofishin 'yan sanda, duk ka mayar da wayarka aljihu. Sannan ka san lungun da kake fito da waya bayan magariba, don ƙwacen waya ba labari ba ne a garin nan.

Mu zo kan wasa. Wajen dara makaranta ce ga mai koyon hoto, saboda 'yan wasan sun manta da kai. Galibi gurbi talatin ake tonawa a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Kada ka tsaya a tsaye ka ɗauko saman hulunan mutane. Ka tsuguna har wayarka ta kusa taɓa ƙasa, ta yadda tsinkayen za su tsaya kamar mashi a gaban hoton, fuskokin suna baya. Ka jira. Akwai wani lokaci da hannu ke tsayawa a sama da gurbi, yatsa biyu riƙe da tsinke, mai shi bai yanke shawara ba, wani ɗan kallo a gefe ya cije leɓe saboda ya hango abin da ɗan wasan bai gani ba. Wannan daƙiƙar kake nema. Ba ta zuwa a zaman farko. Sai ka san wane ne mai saurin fushi, wane ne mai dariya kafin ya ci, sannan za ka riga su sanin inda abin zai fashe. Haka ludo, haka karta, haka teburin sinuka na bakin titi.

Gidan gem na yara masu buga ƙwallo a PlayStation, da gidan kallon ƙwallo, matsalarsu duhu ce. Kuskuren kowa shi ne ya auna talabijin. Talabijin ba ta da labari, kowa ya san abin da ke cikinta. Ka je ka tsaya a gefenta ka juyo, ka fuskanci yaran. Hasken allon ne zai zame maka fitila, kore da shuɗi a kan fuskokinsu, ido a buɗe, yatsu a kan abin bugawa, ƙananan da ba su da kuɗin wasa sun yi layi a baya suna ba da shawara. Kashe filasha, tana kashe wannan hasken kuma tana ɓata wa mutane rai. Ka jingina gwiwar hannunka da benci don kada hoton ya girgiza. In ka ga wasu ratsi-ratsi baƙaƙe suna ratsa hoton, daga wutar lantarki ne: wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilun kuma suna ƙiftawa tare da ita. In kyamarar wayarka tana da sashen Pro, inda kake saita ta da hannunka, ka shiga ka sa saurin ɗauka a 1/50, wato kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, galibi ratsin zai ɓace. Langa da tashen azumi duk dokar ɗaya ce, ka nemi inda fitilar mai shago ko ta mai tsire ke zuba, ka jira wasan ya shigo cikinta.

Yanzu hawa. Dalilin da ya sa ka dawo da ƙeyar mutane shi ne ka je tare da kowa, a lokacin kowa, ka tsaya inda kowa ya tsaya. Hoton Sallah ana fara shi ne tun saura mako. Shagon tela da ƙarfe ɗayan dare, ɗinki ya taru, masu kaya sun zauna a benci sun ƙi tafiya. Layin masu aski. Kasuwar raguna in Babbar Sallah ce, mai saye ya sa hannu yana taɓa gadon bayan rago, dillali yana rantsuwa. Sannan gidajen masu hawa. In akwai wani hakimi ko mai sarauta a unguwarku, ka nemi wanda zai gabatar da kai ga masu kula da dawakinsa tun kafin ranar. Safiyar hawa a bargar doki ta fi filin hawa abin ɗauka: ana wanke doki, ana ɗaura sirdi da jalala, ana naɗa wa yaro ɗan shekara bakwai rawani yana ƙoƙarin kada ya yi motsi, mai algaita yana gwada bakinsa a gefe. A nan babu turereniya, kuma kana da nisan taku biyu da abin da kake ɗauka.

Ka san tsarin kwanakin don ka san haskensu. Ranar Idi da safe ne, daga filin Idi na Ƙofar Mata a dawo fada. Hawan Daushe washegari ne da yamma, shi ne mai haske mafi daɗi kuma mai cunkoso mafi tsanani, a ƙare a Ƙofar Kudu. Hawan Nassarawa a rana ta uku ne, ana fita wajen ganuwa zuwa Nassarawa da gidan gwamnati, hanyarsa doguwa ce, saboda haka ya fi sauƙin samun wurin tsayawa. Sai na Ɗorayi ko Fanisau a bayansu. Ka je awa biyu kafin lokaci. Ka nemi kwana, inda tawaga ke rage sauri tana juyawa, ka nemi tudu ko barandar wani shago, ka roƙi mai wurin tun jiya. Idan rana tana bayanka, launuka za su fito sosai: ja da koren dogarai, kayan 'yan lifida, sheƙin sulke. Idan kuma ka yarda ka fuskance ta kaɗan ta gefe, ƙurar nan da ta ɓata maka hotunan baya ita za ta koma kamar garin zinariya, mahaya su fito a cikinta kamar inuwa. Na fi son na biyun, ko da yake ya fi wuya, goma za ka zubar kafin ka samu ɗaya.

Doki mai sukuwa yana son saurin ɗauka na 1/1000 ko sama, kuma da rana wayarka za ta iya. Ka yi amfani da ɗauka a jere, ka fara kafin dokin ya iso inda kake so, domin waya tana ɗan jinkiri tsakanin dannawa da ɗauka. Amma wajen jahi, ina roƙonka da girman Allah, kada ka shiga fili. Mahayan suna tahowa ne a guje su ja linzami a gaban Sarki, dokin da ya taho haka ba ya ganin mai waya. Wanda ya sa ido a allo ba ya gane nisan abin da ke tahowa. Ka tsaya bayan layin da dogarai suka ja. Haka 'yan bindiga, ka ba su tazara, ƙarar tana firgita doki kuma tana firgita taro.

Idan laimar Sarki ta bayyana, kowa zai ɗaga waya, dubbai a lokaci ɗaya. Ka ɗauki naka guda biyu ko uku don tarihi, sannan ka juya baya. Hoton da ba wanda zai samu yana bayanka: tsohuwa ta dunƙule hannu tana jinjina, yarinya a wuyan babanta da sabon lalle, mai sayar da ruwa ya manta da cinikinsa ya buɗe baki. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, saboda haka hoton dawakin ba zai yi ƙaranci ba, baƙi masu manyan kyamarori za su yi ta zuwa. Abin da baƙo ba zai iya ba shi ne ya san sunan tsohuwar nan da unguwarsu.

Ka kuma shirya wa shekarar da ba a yi hawa ba, don a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi a Kano saboda dalilan tsaro. Sallah ba ta tsaya ba don doki bai fito ba. Akwai sahun Idi, akwai yara masu yawon barka da Sallah an yi musu anko, akwai layin shiga gidan zu, akwai suyar nama da hayaƙinta ya rufe unguwa. Ga kuma Takutaha bayan Mauludi, ranar da Dala ke cika da mutane tun daga gindi har ƙoli. Wani abin lura: watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallar 2024 ta faɗo a Afrilu, ta 2025 a ƙarshen Maris. Nan da 'yan shekaru a cikin hazo za a yi ta, wanda ya ci gaba da ɗauka zai ga Sallah ɗaya a cikin haske iri-iri.

A nan zan ɗan ratse in yi magana da 'yan'uwa mata masu wannan sha'awa, don na san suna karantawa. Rabin Sallah a cikin gida ake yin ta, inda ni da wannan matashi ba mu isa mu shiga ba: zaman lalle, kitso, tuƙin tuwon Sallah tun kafin asuba, rabon abinci gida-gida. Wannan ɓangaren tarihin kusan babu shi a hoto. Ku ɗauka, da yardar masu gidan, ko da ba za ku taɓa sa shi a intanet ba. Ajiye wa zuri'a kaɗai ya isa dalili.

Saura adanawa, wadda ita ce ke cin mutane. Ni kaina na taɓa rasa aikin wata bakwai a rana ɗaya da waya ta faɗa ruwa, kuma babu inda na kwafe. Hoto ɗaya na waya bai fi 'yan megabait ba, na shekara guda zaɓaɓɓu ba za su cika gigabait biyu ba, Google kuwa yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta. Kowace Juma'a ka tura na makon can, ka kuma kwafe a kwamfuta ko memori. Kada ka dogara da WhatsApp, yana matse hoto ya rage masa inganci, sai dai in ka tura shi a matsayin fayil. Gyara kuma ka yi kaɗan: haske, ɗan daidaita karkata, shi ke nan. Kada ka sauya wa sararin Kano launi, kada ka goge wayoyin lantarki da ledojin da ke ƙasa, su ma shaida ne.

Sannan ka sayi ƙaramin littafi. Kowane dare ka rubuta kwanan wata na bature da na Musulunci, wurin, da layi biyu: wane ne a hoton in ya yarda a rubuta, me ake sayarwa, nawa ne kuɗinsa ranar. Kofin shayi nawa, kuɗin adaidaita daga Ƙofar Nassarawa zuwa Bata nawa, buga wasa ɗaya a gidan gem nawa. Gobe da safe kafin ƙarfe takwas ka fita, ka gaida mai shayin layinku, ka gaya masa abin da kake son yi, ka tambaye shi ko zai yarda ya zama shafin farko.